Tsunami ba za ta iso Sakkwato ba, amma Gulbin Rima yana bakin ƙofa

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman fili a wannan jarida domin in yi magana a kan abin da mutanenmu ke kallo a talabijin da wayoyinsu kamar labarin wata duniya: tsunami (ƙatuwar igiyar teku da girgizar ƙasa kan tayar), girgizar ƙasa, da duwatsu masu aman wuta. Duk sanda aka nuna irin wannan, abin da za ka ji a majalisa shi ne, "Allah Ya kiyaye, mu dai Ya raba mu da teku." Amin, kuma gaskiya ne. Daga birnin Shehu zuwa gaɓar teku a Legas ya haura kilomita 700, muna kuma kan tudu da fiye da mita 250, don haka babu igiyar da za ta taso daga can ta taɓa mu. Sai dai in aka bi diddigin abin da ya fi kashe mutane a waɗancan ƙasashe, shi ne dai yake cin mu a Goronyo da Wurno da Kware da Wamakko da Silame duk daminar da ta yi nauyi. Wani ya san ruwa na tafe, amma labarin bai kai kunnen wanda ke kwance a kan hanyar ruwan ba.

Teku ma ai ba baƙonmu ba ne. Dutsen farar ƙasa da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da shi, a ƙarƙashin teku ya taru, kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, lokacin da wani siririn teku ya ratsa inda Sahara take a yau. A duwatsun Dange da Wurno masana sun tono haƙoran kifayen teku da ƙasusuwan kada da kififiya. Duk wanda ya yi gini da simintin Sakkwato, da ɓawon halittun ruwa ya yi gini. Ƙasar da muke takawa tana motsi, tana sauyawa, rayuwarmu ce ta yi gajarta ba mu gani.

Ɓawon duniya gutsi-gutsi ne manya-manya, kamar ƙwaryar da ta fashe gyartai ya ɗinke. Kowane gutsure yana tafiyar santimita kaɗan a shekara, kwatankwacin yadda farce ke tsiro. A yammacin tsibirin Sumatra na Indonesiya da gabashin Japan, wani gutsure yana kutsawa ƙarƙashin wani. Bakin na saman yakan maƙale, a yi ta jan sa ƙasa yana lanƙwasa kamar baka, shekaru ɗaruruwa, har ranar da zai kuɓuce. In ya kuɓuce, gindin teku yakan yi tsalle da mita da dama cikin 'yan mintuna, ya ɗaga duk ruwan da ke kansa tun daga ƙasa har sama. Igiyar da iska ke tayarwa fatar ruwa kawai take kaɗawa, ita kuwa tsunami da dukkan zurfin tekun take tafiya. Ba kowace girgiza ke haifar da ita ba. Sai ta auku a ƙarƙashin teku ko kusa da shi, tushenta bai yi zurfi ƙwarai ba, ƙasa ta motsa sama ko ƙasa maimakon gefe da gefe, galibi kuma sai ƙarfinta ya haura maki 7 a ma'aunin girgizar ƙasa. Ma'aunin nan yana ruɗar mutane, domin ƙarin maki ɗaya na nufin ƙarfi ya ninka kusan sau 32. Girgiza mai maki 9 ta ninka mai maki 7 sau dubu.

Zurfin ruwa ke yanke mata gudu. Inda zurfi ya kai mita 4,000, tana cin kilomita 700 a awa ɗaya, gudun jirgin sama ke nan, amma tudunta sau da yawa bai kai mita ɗaya ba, har jirgin ruwa zai hau ta ya sauka matuƙinsa bai sani ba. Da ta iso inda zurfi bai wuce mita 10 ba, gudun ya faɗo zuwa kilomita 36 a awa. Gaba ya ja birki, baya na tafe da ƙarfinsa, sai ruwa ya taru a kan juna ya miƙe. Ko a hakan babu mai tsere mata da ƙafa. A wasu gaɓoɓin teku yakan fara janyewa ya bar kifi na tsalle a kan yashi, mutane su ruga kallo ko tsinta, alhali wannan ne gargaɗi na ƙarshe. Kuma ba zuwa ɗaya take yi ba. Tsakanin wata igiya da wata akan yi minti goma har zuwa awa guda, ta farko kuma ba lalle ce ta fi girma ba. Mutane da yawa sun tsira daga ta farko, suka sauko neman 'yan uwa da kaya, ta biyu ta same su.

Ranar 26 ga Disamba 2004, girgiza mai maki 9.1 ta tsaga gindin teku tsawon kimanin kilomita 1,300 a yammacin Sumatra. Kusan mutum 230,000 suka rasu a ƙasashe 14. Mutanen lardin Aceh na arewacin Sumatra ba su samu ko rabin awa ba, su kam lokaci ya ƙure musu. Amma igiyar sai da ta yi kusan awa biyu kafin ta isa Tailan da Sri Lanka, inda a Sri Lanka kaɗai ta ci fiye da mutum 30,000. Ta yi kimanin awa bakwai kafin ta taɓa Somaliya, nan ma ta kashe kusan 300, yawancinsu masunta. Cibiyar gargaɗin tsunami da ke Hawayi ta ga girgizar a na'urorinta cikin kusan kwata ɗaya na awa. Abin da babu a Tekun Indiya a lokacin shi ne na'urar auna igiya a cikin ruwa, da jerin lambobin waɗanda za a kira, da wanda zai ɗauki amsa-kuwwa ya bi bakin teku. Awa biyu ta ishi tsoho mai sanda ya hau tudu. Wannan awa biyun da aka zubar ita ce ta fi ci mini rai a duk labarin.

A tsibirin Simeulue, wanda yake dab da inda ƙasar ta tsage, mutum bakwai kacal suka rasu cikin kusan 78,000. Ba su da wata na'ura. Tun bayan tsunamin 1907 da ta halaka kakanninsu suka sa abin cikin waƙar reno da tatsuniya, suna kiransa smong: in ƙasa ta girgiza, in teku ya janye, bar komai ka hau dutse. A Kenya kuwa labari ya riga ruwa isa, hukuma ta kori mutane daga bakin teku, aka yi asarar rai ɗaya.

Japan ta fi kowa shiri, duk da haka ranar 11 ga Maris 2011 ta rasa fiye da mutum 18,000 tsakanin matattu da waɗanda suka ɓace. An fitar da gargaɗi cikin minti uku, amma ƙiyasin farko na tsayin igiyar ya yi ƙasa da abin da ya zo, wasu suka amince da katangar teku suka zauna. A garin Taro katangar ta kai mita 10, ruwa ya haye ta. A tashar nukiliya ta Fukushima, janaretocin ko-ta-kwana suna ɗakunan ƙarƙashin gini, ruwa ya cinye su, aka rasa wutar da za ta sanyaya tukwanen makamashi, daga nan masifa ta biyu ta fara. A ƙauyen Aneyoshi kuwa akwai wani dutse da magabata suka kafa bayan tsunamin da ta gabata, suka rubuta cewa kada a gina gida ƙasa da nan. An bi maganarsu, ruwan 2011 ya tsaya kafin ya kai dutsen. 

Duwatsu masu aman wuta su ma suna taɓa wanda bai taɓa jin sunansu ba. Dutsen Tambora na Indonesiya ya fashe a Afrilun 1815, shekarar da Shehu Usmanu ya baro Sifawa ya tare a Sakkwato, kuma a 1816 amfanin gona ya lalace a Turai da arewacin Amurka saboda sanyin da hayaƙinsa ya jawo, wanda ya hana bazara zuwa. Dutsen Pinatubo na Filifin a 1991 ya watsa hayaƙin farar wuta tan miliyan 15 zuwa 20 can ƙololuwar sama, ya tare hasken rana, zafin duniya ya sauka da kusan rabin digiri a shekarar da ta biyo baya. Kusa da mu, a daren 21 ga Agusta 1986, Tafkin Nyos na Kamaru ya saki iskar da ta daɗe tana taruwa a gindinsa, irin wadda ke cikin lemon kwalba. Ta fi iskar shaƙa nauyi, sai ta gangara kwaruruka kamar ruwa, ta kashe fiye da mutum 1,700 da dabbobi kusan 3,500 suna barci. Tun 2001 aka fara sa bututu a tafkin domin iskar ta riƙa fita da kaɗan-kaɗan.

Mu ma ba a gefe muke ba. Hazon da ke rufe mana rana a hunturu, mai yawansa daga kwarin Bodele na arewacin Cadi yake tasowa, busasshen gindin wani tsohon tafki. Ƙurar Sahara tana tsallaka Tekun Atlantika, kimanin tan miliyan 27 na sauka a dajin Amazon duk shekara, ta kai masa sinadarin fosfaros, irin wanda ke cikin takin zamani. Hadarin da kowane yaro ya san daga gabas yake tasowa, in ya wuce mu ya ci gaba yamma ya faɗa teku, wani lokaci shi ke zama mahaukaciyar guguwar da ke rushe gidaje a Amurka. Ruwan daminarmu kuma tururin tekun kudu ne da iska ke turowa arewa, shi ya sa ɗumi ko sanyin tekuna ke da hannu a yawansa. Shekarun da tsakiyar Tekun Fasifik ya yi ɗumi, abin da ake kira El Nino, damina kan yi rauni a yankinmu. Shekarun da ya yi sanyi, kamar 2010, takan yi nauyi. Tsofaffi sun ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da yawa cikinmu kuma sun ga farin 1973 da na 1984. Yanzu ga ƙarin ɗumin duniya: duk digiri ɗaya da iska ta ƙara, tana iya riƙe tururi da ƙarin kashi 7 cikin 100. Ma'anarsa mamakon ruwan sama yana iya fin na da ƙarfi.

To, mu dawo gida, inda maganar ta fi nauyi. Gulbin Rima yana tara ruwan Bunsuru da Gagare daga ɓangaren Katsina da Zamfara, da Gulbin Maraɗi wanda ke tasowa daga Katsina ya ratsa Nijar ya dawo mana ta wajen Sabon Birni. Gulbin Sakkwato kuma daga wajen Funtuwa yake, ya bi ta Gusau da madatsar Bakolori, ya haɗu da Rima a gefen birni, su wuce Argungu da Birnin Kebbi har Kwara. Saboda haka ruwan da zai ci gona a Wamakko yana iya zama wanda ya sauka kwanaki da suka wuce a garin da manomin bai taɓa zuwa ba. Sama na iya zama garau a kanka, ambaliya na kan hanya. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, an gina ta ne ta riƙe fiye da kubik mita miliyan 900. A Satumban 2010 ta cika, abin da ya fita daga cikinta ya haɗu da mamakon ruwan sama, ƙauyuka da gonaki suka nutse a ƙananan hukumomi da dama, gadar da ta haɗa gari da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta karye, aka koma tsallakawa da kwale-kwale. Shekara takwas bayan haka, a 2018, madatsar nan dai ce aka sanar ruwanta ya ragu zuwa kusan kashi 10 cikin 100. Cika da ƙafewa duk a tukunya ɗaya.

Mutane na raina ruwa ne don ba su lissafa shi. Milimita ɗaya na ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowane fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi. In aka yi ruwa mai milimita 50 a kan rufin kwano mai mita 10 a kowane gefe, lita 5,000 ke sauka, duro 25 ke nan daga gida ɗaya. Milimita 100 a kan hekta guda duro 5,000 ne. Kubik mita ɗaya, wato duro biyar, nauyinsa tan guda. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba, ɗan sama da idon sawu, yana kayar da ƙato. Santimita 30 na ɗaga ƙaramar mota, 60 na tafiya da mafi yawan motoci. In gudun ruwa ya ninka biyu, ƙarfin turinsa huɗu yake ninkawa. Direba ko ɗan kabu-kabu da ya ga ruwa ya haye kwalbati ya ce ai ya san hanyar, bai san ko ruwan ya riga ya rarake ƙarƙashin kwaltar ba, kuma babu yadda za a yi ya gani.

Mai kula da madatsa yana tsaka mai wuya, ya kamata a faɗi wannan da adalci. In ya saki ruwa da wuri damina ta ɗauke, masu noman rani da famfunan birni za su wayi gari babu ruwa. In ya riƙe har ta cika, aka yi mamako a ƙarshen Agusta ko Satumba, dole ya buɗe ƙofofi gaba ɗaya, don in ruwa ya haye madatsar da aka gina da ƙasa, cinye ta yake yi cikin sa'o'i. Maganin wannan rubutaccen tsari ne da ke faɗin iyakar tsayin da ruwa zai kai a kowane mako na damina, a bar sarari don mamakon ƙarshe, a riƙa saki da kaɗan-kaɗan tun da wuri, Goronyo da Bakolori kuma su san da juna don kada ruwansu ya iso mahaɗa rana ɗaya. Tsarin ba zai yi aiki ba sai an sake auna cikin madatsar, domin yashi da laka da gulbi ke kawowa duk shekara suna cin wurin ruwa, lissafin shekarun 1980 ba zai yi daidai da na yau ba. Ita madatsar ƙasa ba ta faɗuwa ba sanarwa. Tsatsar ruwa garai-garai a bayanta abu ne da aka saba, amma in tsatsar ta fara fitowa da laka, to ruwa na wanke cikin ginin ne, kuma ramin zai yi ta faɗi. Tsagewa a samanta, loɓawar wani wuri, saiwar itatuwa, gidan gara, ƙofar da tsatsa ta cije ba a gwada buɗe ta ba tun rani, duk alamu ne. A Derna ta Libiya, a Satumban 2023, madatsu biyu da aka san suna da tsaga suka ɓalle cikin dare, fiye da mutum 4,000 aka tabbatar sun rasu, dubbai suka ɓace. Shekara guda bayan nan, a Satumban 2024, madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Hasashe dai ana yi. NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, na fitar da na damina a farkon shekara, NIHSA, hukumar da ke auna ruwan koguna, na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa (NEMA) da ta jiha na maimaitawa. Amma cewa "ana sa ran ambaliya a ƙaramar hukuma kaza tsakanin Yuli da Satumba" ba ya tayar da kowa daga gidansa, kuma ba laifin mutum ba ne, don ba zai bar gona da dabbobi wata uku ba. Gargaɗin da ke aiki shi ne mai faɗin ranar, da inda ruwa zai kai, da inda za a nufa. Hanyar samunsa ba ta da tsada. A kafa sandar awo mai zanen santimita a ƙafar kowace babbar gada daga Isa da Sabon Birni har Silame, a shafa mata kore da rawaya da ja. A sa mutum ɗaya, ana biyansa, ya karanta ta safe da yamma, in ta shiga rawaya kuma duk bayan awa uku, ya aika ta waya. Damina biyu ko uku ana rubuta wannan, za a san awa nawa ruwa ke ci daga wannan gada zuwa waccan, wanda shi ne ainihin lokacin da mutanen da ke ƙasan gulbi ke da shi. Daga nan saƙo ya bi hanyar da ta riga ta kasance: uban ƙasa, hakimi, mai unguwa, sarkin ruwa, lasifikar masallaci, gidajen rediyo da Hausa da Fulfulde. Inda ake yawan karyewa shi ne dare, da ranar hutu, da wayar da ba caji, da garin da ba sabis. Don haka kowace mahaɗa tana bukatar mutum biyu, da mai babur da aka riga aka ba kuɗin mai. A kuma tabbatar saƙon ya shiga cikin gida. Mata da yara da tsofaffi su ne ke ciki lokacin da maza ke kasuwa ko gona, kuma mace da yawa ba za ta fita ba sai da izinin maigida. Wannan izinin a ba da shi tun watan Yuni, a faɗa ƙarara: in an yi shela, ki kwashi yara ki tafi wuri kaza, can za mu haɗu.

Bangaladesh ta gwada irin wannan. Guguwar 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000, ta 1991 kusan 138,000. Suka horar da dubun-dubatar 'yan sa-kai masu tuta da amsa-kuwwa, suka gina makarantu a kan ginshiƙai da ke zama mafaka. Guguwar Amphan ta 2020 ba ta kashe mutum 30 a ƙasar ba. Abin lura a nan, mutane sun fi yarda su fita in an tanadi wurin dabbobinsu. Bahaushe ko Bafulatani ba zai bar shanunsa da tumakinsa ya tafi makarantar firamare ya zauna ba, don haka tudun da aka zaɓa ya kasance da filin turke, da rijiya, da masai.

Sai kuma dutsen Aneyoshi namu. Waɗanda suka ga ruwan 2010 suna nan da ransu, sun san bangon da ya taɓa da itacen da ya tsaya a gindinsa. Kafin su ƙare, kowane gari a bakin fadama ya kafa ginshiƙin siminti a wannan iyaka, a rubuta shekara da boko da ajami. Ƙasa da shi a yi noma, a yi kiwo, a yi lambu, amma kada a yanka fuloti, kada a gina asibiti ko makaranta ko rumbun gwamnati. Darasin Fukushima ma namu ne: janaretan rijiyar burtsatse, firjin allurar rigakafi, takardun gona da na makaranta, irin shuka, duk a ɗaga su sama. Rufewa da rumbu a ɗora su kan duwatsu masu tsayi, ko a kwashe hatsi zuwa gidan ɗan uwa a tudu tun kafin Agusta.

Ginin laka daga ƙafa yake mutuwa. Ruwa ya kwanta a gindin bango kwana biyu ko uku, laka ta tsotse shi ta yi laushi, nauyin azara da ƙasar rufi ya danno, ɗaki ya zauna, galibi cikin dare bayan ruwa ya ɗauke. Tushe na dutse ko bulo da siminti da ya taso santimita 60 sama da ƙasa, wato ya ɗan haura gwiwa, yana hana wannan. A yi wa tsakar gida gangara zuwa waje, a sa indararo mai tsawo da zai jefa ruwa nesa da bango, a yi yaɓe kafin ruwan farko. In sabuwar tsaga ta bayyana, ko ƙofa ta fara cijewa alhali da tana rufuwa lafiya, kada a kwana a ɗakin. A cikin birni kuwa, yawancin ambaliyar unguwanni daga lambatu da kwalbatin da yashi da leda suka toshe take, kuma watan Mayu ne lokacin yashe su. A kwashe abin da aka fitar a ranar, in an bar shi a gefe ruwan farko zai mayar da shi. Can sama kuma, ƙasar da ba itace ba ciyawa ba ta shan ruwa, turo shi take yi da yashi zuwa madatsa. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da miliyoyin hekta ta hanyar barin tohon gawo da sauran itatuwa a gona suna yi musu sassabe mai kyau, ba tare da dashe ba.

Bayan ruwa ya janye ake shiga haɗari na biyu. Ambaliya na haɗa masai da rijiya, amai da gudawa ya biyo baya. Rijiyar da ruwa ya shiga sai an kwashe ruwanta da lakarta a hankali don kada bangonta ya rufta, a wanke, a zuba sinadarin kulorin bisa awon ma'aikatan lafiya, a bar shi ya kwana, a yi ta ɗiba ana zubarwa har warin ya ragu. Kada a saukar da injin ban ruwa mai fetur cikin rijiya mutum na ciki, hayaƙinsa na kisa ba a ji ba a gani. Alif da garin ƙwayar zogale suna kwantar da laka ruwa ya yi garau, amma ba sa kashe ƙwayar cuta, sai an tafasa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka ko an sa ƙwayar tsabtace ruwa an jira rabin awa. Wanda gudawa ta kama, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba shi ana kan hanyar asibiti. Sabon masai kuma ya yi nisan mita 30 daga rijiya, ta gefen gangara.

Na san wani zai ce duk wannan ƙaddara ce. Haka ne, mun yi imani da ita. Amma lokacin da Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, juyawa ya yi da jama'arsa, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ina roƙon malamanmu su ware huɗuba ɗaya a farkon damina don wannan, su ambaci sunan tudun da mutanen garinsu za su nufa.

Ku ma, Malam Edita, akwai naku. Daga Yuli zuwa Oktoba, ku riƙa neman tsayin ruwan Goronyo da Bakolori daga Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima duk mako, da yawan abin da ake saki, ku buga a wuri ɗaya da ba ya sauyawa, kusa da farashin gero da shinkafa, tare da adadin makon da ya gabata don mai karatu ya ga ko hawa yake yi ko sauka. Makon da ba a ba ku ba, ku bar gurbin a buɗe ku rubuta cewa kun nema.

Wassalam.

Daga wani mai nazarin ruwa da ƙasa,
Sakkwato.